Abubuwan da ya kamata ka sani game da kalmar miliyan

Mece ce miliyan?

Miliyan ita ce dubu sau dubu, ana rubuta ta da ɗaya da sifiri shida: 1,000,000. Hausa ta aro kalmar daga Turanci, amma ba don ta rasa hanyar faɗin adadin ba. A zamanin da ake ciniki da wuri, fatake kan ce zambar goma idan suna nufin dubu goma, zambar dubu kuwa ita ce miliyan. Yau da wuya a ji wannan lissafi a bakin matasa, kuma asara ce, domin shaida ne cewa kasuwannin ƙasar Hausa sun daɗe da sanin manyan lambobi.

Daga ina ta fito?

Su ma Turawan Ingila aro suka yi. Tsoffin Rumawa ba su da kalma guda ta wannan adadi; sai dai su ce dubu ɗari sau goma. Kalmarsu ta dubu ita ce *mille*, kuma Italiyawa sun gaje ta. Da ciniki ya bunƙasa a birane irin su Venice da Florence, sai aka liƙa wa kalmar ɗafin *-one*, wanda a Italiyanci yake nuna girman abu. Aka sami *milione*, wato babbar dubu. Daga nan ta shiga Faransanci, sannan ta isa Turanci a ƙarshen ƙarni na 14.

Yadda biliyan ta rabu gida biyu

A shekarar 1484 wani masanin lissafi Bafaranshe mai suna Nicolas Chuquet, mazaunin birnin Lyon, ya rubuta tsarin sunayen lambobin da suka zarce miliyan. Ya yi amfani da *bi*, ma'ana biyu, da *tri*, ma'ana uku. A tsarinsa, biliyan tana nufin miliyan sau miliyan, mai sifiri 12, tiriliyan kuma tana da sifiri 18. Kowane sabon suna yana ƙara sifiri shida. Wannan shi ake kira dogon ma'auni. Adadin da ya faɗo a tsakani, wato miliyan dubu, daga baya Faransawa suka raɗa masa *milliard*.

Bayan haka wasu masana a Faransa suka koma ƙara sifiri uku-uku kawai, biliyan ta zama miliyan dubu, mai sifiri tara. Wannan gajeren ma'auni shi Amurka ta ɗauka, ita kuwa Ingila ta riƙe na farko. Abin bai tsaya nan ba: a 1961 Faransa ta koma dogon ma'auni a hukumance, sannan a 1974 gwamnatin Harold Wilson ta sanar cewa alƙaluman hukuma a Birtaniya za su bi gajeren. Faransa da Birtaniya sun yi musayar wuri ke nan.

Abin da wannan ya haifar

Rabuwar ta biyo Bahaushe har gida. A Najeriya ana bin gajeren ma'auni, don haka biliyan miliyan dubu ce. A Nijar, inda aka gaji lissafin Faransanci, wannan adadi miliyar ake ce masa. Idan kuwa takardar Faransanci ta ce *billion*, abin da ɗan Najeriya ke kira tiriliyan take nufi. Mai fassara labarin kasafin kuɗi da ya ruɗu da kamannin kalmomin zai rage adadin har sau dubu, kuma mai sauraro ba shi da hanyar ganewa.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan yaɗuwa. Miliyan da biliyan da tiriliyan sun yi kama a kunne, shi ya sa mutane da yawa ke jin su kamar maƙwabta, alhali tazararsu babba ce. Bandir ɗin takardun naira dubu yana ɗauke da takarda ɗari, wato naira dubu ɗari. Bandir goma sun cika miliyan, kuma za su shige ƙaramar leda. Biliyan ɗaya kuwa bandir 10,000 ce, sai an nemo mota. Tiriliyan bandir miliyan goma ce. Duk wanda zai saurari kasafin kuɗin jiharsa, ko a ce masa an kashe kaza wajen gina hanya, ya kamata ya fara tantance harafin farko na kalmar, sannan ya ƙirga sifirin da ke bayanta kafin ya yanke hukunci.