Yadda Na Raba Abincin Kajina da Kurege da Ɓeraye

'Yan'uwana mata, da yawa daga cikinmu idan muka karɓi rance a asusun ƙungiya, kiwon kaji, zabi ko tattabaru muke sa kuɗin. Ni ma haka na yi. Na ranci naira 20,000, na sayi kaji da dusa da tsaki, da niyyar in biya cikin wata uku da kuɗin ƙwai. Abincin da na lissafa zai kai sati huɗu, sati uku bai cika ba ya ƙare. Har na fara zargin yaran gida. Ranar da na zauna a gindin darbejiya ina tsince wake, sai ga kurege ya shigo ta rariya, ya ci rabonsa a kaskon kajin, ya cika kumatu, ya fice. Ashe da shi nake kiwon.

Gidanmu yana bayan gari ne a Dutsin-Ma, kusa da duwatsu da gonakin gyaɗa. Wata 'yar ƙungiya daga Kurfi ta ce ita ma haka take fama. Ga abin da muka gwada ya yi mana aiki.

Da farko ki gane wane ne ɓarawon. Kurege da rana yake yawo, ramukansa suna gindin danga, kan gona ko ƙarƙashin duwatsu. Ɓera da gafiya kuwa da dare suke fita. Ki barbaɗa toka mai laushi kewaye da kaskon, ki duba sawu da yamma, ki sake dubawa da asuba. Sawun da kika gani shi zai gaya miki lokacin da ake miki ɓarna.

Na biyu, ki daina barin abinci a kasko yini guda. Nan ne nawa kuskuren yake. Yanzu sau biyu nake zubawa, da safe da la'asar, daidai abin da za su cinye ina tsaye. Abin da ya rage in kwashe, in share wanda ya zube. Kaji ba su ragu da komai ba, tunda suna kiwo a tsakar gida. Idan kurege ya zo sau biyu sau uku bai samu komai ba, sai ya rage zarya.

Na uku, ki ɗaga abincin daga ƙasa. Na tattabaru ya fi sauƙi, tunda suna tashi. Ki kafa itace mai tsayin mutum, nesa da katanga da reshen bishiya, ki ɗaura faranti a samansa. Sannan ki naɗe tsakiyar itacen da guntun kwanon rufi mai santsi, tsawon kamu ɗaya ko fiye. Farcen ɓera ba ya kama kwano, zamewa yake yi. Idan ratayewa za ki yi da igiya, ki huda tsohon murfin tukunya, ki zura igiyar ta ciki ya zauna a kife a saman farantin, wanda ya biyo igiya ba zai samu wucewa ba. Na kaji kuma a cikin akurki za ki ba su, mai ragar waya ƙananan ido.

Na huɗu, barkono. Yajin da ke ƙona bakinmu yana ƙona na kurege da ɓera, amma tsuntsaye ba sa jin sa ko kaɗan, haka Allah ya halicce su. A Amurka ma, masu ajiye wa tsuntsaye hatsi a bayan gida da barkono suke korar nasu kuregen. Ni cokali ɗaya na dakakken barkono nake sawa a tiya guda ta dusa, in yayyafa ɗan ruwa don kada garin ya tashi ya shiga ido. Ki wanke hannu kafin ki ɗauki goyo. Amma kada ki dogara da shi kaɗai, ɓeran da yunwa ta kora zai daure ya ci.

Na biyar, ma'aji. Buhu ba ya hana haƙorin ɓera. Ki juye abincin a durom na ƙarfe ko randa mai murfi, ki ɗora dutse a kai. Ki toshe rariya da raga yadda ruwa zai wuce, ki cike ramuka da tsakuwa da laka. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da nake roƙonki, kada ki zuba maganin ɓera a tsakar gida. Kaza za ta tsattsage shi, yaro mai rarrafe zai kai baki. Tarko a lungun da kaji ba sa zuwa, ko kyanwa, ya fi aminci. Kuma kada yara su taɓa mataccen ɓera da hannu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci. Hatsin da ɓera ya ɓata, kada ya shiga tukunya.

Duk wannan aikin, raga kaɗai na saya, sauran tarkacen gida ne. Rancen farko da ƙyar na biya, sai da na sayar da zakara biyu na cika. Na biyun kuwa tun kafin wa'adi na kai. Ki gwada ki rubuta tiya nawa kike zubawa a sati, kafin ki fara waɗannan dabaru da bayan kin fara. Ki zo da lissafin taro na gaba mu duba tare.