Ƙurar Da Ke Tona Asirin Masu Haɗa Bam

Tun lokacin da Yarjejeniyar Hana Yaɗuwar Makaman Nukiliya ta fara aiki a shekarar 1970, aka ɗora wa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, mai hedkwata a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, nauyin tabbatar da cewa ƙasashen da suka yi alkawarin ba za su ƙera bam ba suna nan kan bakansu. To, ta yaya ake bambance mai gaskiya da mai yaudara?

Sufetocin hukumar sukan auna kayan nukiliya, su buga musu hatimi, su kuma kakkafa kyamarori. Har ila yau suna riƙe da wani ɗan ƙyallen auduga, wanda tsawonsa da faɗinsa santimita 10 ne, da shi suke goge bango da bututu da injuna, sa'an nan a aika da shi ɗakin gwaji. Dalili kuwa shi ne, kome iya sharar mutum, sai ƙura ta saura. Yuraniyam kamar yadda ake haƙo shi, nau'in nan na 235 mai saurin tarwatsewa bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari a jikinsa ba. Tashar lantarki takan bukaci kashi 3 zuwa 5, bam kuwa wajen kashi 90. Saboda haka ƙwayar ƙura guda tana iya nuna inda aka dosa.

Koriya ta Arewa ta ga haka a 1992. Ta shaida wa hukumar cewa sau ɗaya tak ta taɓa tace fulutoniyam a Yonbiyon, watau a 1990. Amma wani ɓangare na fulutoniyam yana rikiɗewa sannu a hankali ya koma amerisiyam, kuma yawan wannan shi ke bayyana lokacin da aka yi tacewar. Gwaji ya nuna an yi aikin a 1989 da 1990 da 1991. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Sai dai ƙyalle ba ya shiga inda aka hana mai shi shiga. A 1993 ƙasar ta ƙi yarda a duba wasu wurare biyu, a 2003 ta bayyana ficewarta daga yarjejeniyar, a 2006 kuma ta gwada bam ɗinta na farko. Masana kimiyya sun gano gaskiya a kan kari, abin da ya biyo baya kuwa yana wuyan shugabannin duniya.