Zaman Wuri Ɗaya Ba Ya Maganin Ciwon Gwiwar Tsofaffi

A gidaje da yawa, da zarar gwiwa ta fara damun Inna ko Baba, sai 'ya'ya su hana su taɓa komai. "Hajiya, ku zauna, ga yara nan." A kawo buta, a kawo abinci, a aika kemis. Niyyar mai kyau ce, amma bayan 'yan watanni sai ka ga wadda take zuwa barka da gaisuwa da ƙafarta ta koma sai an kama ta.

Abin da muke kira sanyin ƙashi, galibi guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙashi ne ke zaizayewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi, kashi 60 cikin 100 mata ne, kuma gwiwa ya fi kamawa. Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa. Amma naman cinya shi ke tallafe gwiwa, kuma shi ana iya ƙarfafa shi ko da mutum ya haura saba'in. Zama kuwa saki yake sa shi, nauyi ya koma kan gaɓar da take ciwo.

Ƙarfafa naman cinyar aikin likitan gashi ne, wanda wasu ke kira fisiyo. Akwai sashensu a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da mafi yawan manyan asibitoci. Mutane na zuwa da tunanin na'urar ɗumi ce za ta warkar da su. Ɗumin sauƙi ne na ɗan lokaci. Atisayen da za a koya wa tsohuwa ta riƙa yi a gida shi ne maganin. Don haka wanda ya raka ta ya shiga ciki ya kalla, kada ya tsaya a waje yana danna waya.

Ga irin atisayen. Ta zauna a kujera mai ƙwari, ta miƙe ƙafa ɗaya sosai, ta ƙirga biyar, ta sauke a hankali, sau goma kowace ƙafa. Sannan ta tashi tsaye daga kujerar ta koma, tana dafa hannu da farko. A haɗa da zagayen tsakar gida. Idan aka ɗaura shi da sallar Asuba da La'asar, ba a mantawa. Ɗan tsami bayan atisaye ba abin tsoro ba ne. In ya kai washegari ko gwiwar ta kumbura, a rage a kuma sanar da likitan.

Gyaran gida ma yana taimakawa. Masai na tsuguno azaba ne ga irin wannan gwiwa, a samo kujerar bayan gida. Tabarma a ƙasa ta koma gado mai ɗan tsayi. Sanda kuwa a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta: gwiwar dama ke ciwo, sanda a hagu. Dattawa da yawa na ƙin ta don kada a ce sun tsufa, sai an yi lallashi. Mai jiki kuma in ta rage ko kilo kaɗan, gwiwa za ta shaida.

Inda haɗari yake shi ne ƙwayoyi. Diclofenac da ibuprofen da piroxicam, in aka daɗe ana sha, suna huda ciki su lalata ƙoda, musamman ga mai hawan jini. Haɗin da ake ƙullawa a leda ya fi muni, don sau da yawa akwai prednisolone ko dexamethasone a ciki: ciwo ya kwanta, fuska ta cika, a ce ta murmure, alhali suga na hawa ƙashi na rauni. Mai ciwon suga kuma a kula da ruwan gashi, don yana iya ƙonewa bai ji ba, tsaga kuma ta zame masa gyambo.

Akwai inda ba a jira. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, ko tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, asibiti za a nufa a ranar, kafin wani ya ja ko ya murza. Haka wadda yatsun hannayenta biyu ke sandarewa fiye da awa guda kowace safiya: wannan wani ciwon ne daban, sai an yi gwajin jini.