Ciwon Toka da Ɗigon Ganye a Rama da Kuɓewa: Gargaɗi ga Manoma da Dagatai

Zuwa ga manoman ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da dagatai da masu unguwanni. Ga wata magana a kan shukar bayan gida, muna roƙo wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Da wuya ka shiga ƙauye a ƙasashen nan ba ka tarar da 'yan kunyoyin rama ko kuɓewa ko yakuwa a bayan danga ba. Ba a zuba su a rumbu kamar dawa, ba a kuwa ƙidaya su da buhu kamar masara, amma su ne miyar gida. Ganyen rama shi ne kwaɗo da fate sa'ad da hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba. Ɓawonta shi ne igiyar ɗaurin jinka da ta guga da ta talala. Busasshiyar kuɓewa kuwa ita ke riƙe tukunya har bazara, ita ce kuma jarin mata. Saboda haka in ciwo ya cinye ganyen nan, ba ƙaramar hasara aka yi ba, ko da ya ke ba a yin shelarta a kasuwa.

1. Mene ne asalin ciwon?

Ka san fumfunar da ta kan fito a kan tuwon da ya kwana biyu, ko a kan sirdin da aka ajiye a ɗaki mai laima. To, ciwon ganyen nan danginta ne. Abu ne mai rai, yana tsiro kamar ciyawa, sai dai ba shi da ganye, ba ya iya dafa abincin kansa, sai ya kafa saiwarsa a jikin ganyen wani ya riƙa tsotsa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin ɗaya sai da madubin likita. Iska ta kan ɗauke shi kamar ƙura, ruwan sama ya kan fantsama shi daga ƙasa zuwa ganye, hannun mai tsinka da bakin fartanya su ma su kan kai shi daga gindi zuwa gindi.

Ganye kuwa shi ne madafar shuka. A cikinsa ne hasken rana da ruwa da iska su ke haɗuwa su zama abinci. In ganye ya lalace, sai kuɓewa ta rage 'ya'ya, rama ta tsumbure, ɓawonta ya yi gajarta.

Rama da kuɓewa da yakuwa da auduga 'yan gida ɗaya ne, dubi furensu ka gani. Don haka sau da yawa abin da ya kama ɗaya ya kan samu wurin zama a jikin 'yar'uwarta.

2. Ƙaƙa za ka gane shi?

Iri uku ne su ka fi damun mu.

Na fari, ciwon toka. Za ka ga kamar an barbaɗa toka ko gari a kan ganye. A kuɓewa ya kan fito a fili. A rama kuwa wani lokaci sai ka ga rawaya-rawaya a sama, sai ka juya ganyen kāna ka ga farin a ƙasa. Daga tsofaffin ganyaye ya kan soma. Wannan ba ya bukatar ruwan sama: abin da ya ke so shi ne rana mai ɗumi, dare mai raɓa, da inuwa. Shi ya sa ya fi yawa da kaka, da kuma cikin lambunan rani, irin waɗanda su ka yawaita tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974.

Na biyu, ɗigon ganye. Tabo ne ƙanana, ja-ja ko ƙasa-ƙasa, su na faɗaɗa har su haɗu. Akwai wani irinsa a kuɓewa wanda ya kan sa bayan ganye ya yi baƙi kamar kunkunniya, ganyen ya naɗe, ya yi yaushi, ya kaɗe. Wannan ɗan damina ne, ya fi ƙarfi cikin marka, wajen watan Agusta. Tun da ya ke ruwan kudancin Kano ya fi na arewa yawa, balle wajen dajin Falgore da duwatsun Riruwai, manoman Tudun Wada da Doguwa su ne ya kamata su fi sa ido.

Na uku, ciwon toho na rama. Tabo ya kan fito a ganye da jikin kara, ya lotsa, ya yi baƙi, sa'an nan kan shukar ya bushe daga sama. Wannan ya fi sauran mugunta ga mai son igiya, gama ɓawon ya kan tsinke daidai wurin tabon. Ya kan ɓuya kuma a cikin iri, ya jira shekara mai zuwa.

Amma fa a lura, ba kowane ganye mai rawaya ne ya ke da fumfuna ba. In ganyen ƙasa ya yi rawaya bai ɗaya ba tabo, yunwa ce, taki ya ke so. In ganye ya murɗe ya ƙanƙance, ko ya yi dabbare-dabbare, wani ciwo ne dabam wanda ƙwari ke yaɗawa, maganin fumfuna ba ya taɓa shi, sai a tuge gindin. In shuka ta yi yaushi da rana alhali ƙasa da danshi, tugo ɗaya ka dubi saiwa: in ka ga ƙulle-ƙulle, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne. Wanda ya sayi magani bai san ciwo ba, kuɗinsa ya zubar.

3. Rigakafi ya fi magani

Wannan ita ce babbar magana a takardan nan, ba ta kuwa cin ko kwabo.

Kada ka ɗebi iri daga gindin da ya yi ciwo. Tun shuka na tsaye ka zaɓi masu lafiya ka ɗaura musu tsumma, daga gare su za ka ajiye iri.

Kada ka maimaita rama ko kuɓewa a wuri ɗaya kowace shekara. Ka bar wurin shekara biyu ko uku da dawa ko gero ko masara, kada kuwa ka bi sawun auduga ko yakuwa da su.

Ka ba shuka sarari. Kuɓewar da aka cushe ba ta shan iska, raɓa ta kan daɗe a jikinta har hantsi. Ka rage ta tun tana ƙarama, ka nome ciyawa, ka nisanci gindin mangwaro da inuwar katanga.

Mai lambu ya ba da ruwa a gindi, da safe. Kada ya watsa a kan ganye da yamma, ganye ya kwana a jiƙe.

Kada ka cika takin zamani mai sa ganye. Yuriya in ta yi yawa sai ganye ya yi taushi, ciwon toka kuwa abin da ya ke nema ke nan.

Kada a shiga tsinka ganye na jiƙe. A dakata raɓa ta kaɗe tukuna.

Sau biyu a bakwai ka zaga shukarka, ka riƙa juya ganyayen ƙasa. Wanda ka ga ya kamu, tsinke shi ka sa a kwando, ka kai nesa ka binne ko ka ƙone. Kada ka yar a cikin kwari. Bayan an gama girbi a tattara kara da ganye a ƙone, gama a cikinsu ne ciwon ke yin rani.

4. Magani

Ka sani da fari, ganyen da ya mutu ba ya tashi. Aikin magani shi ne ya tsare wanda bai kamu ba. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe: ran da ka ga tabon fari, ran nan za ka tashi.

Maganin ciwon toka tsoho ne, farar wuta ce. A 1845 wani mai lambu a Ingila, Edward Tucker, ya ga toka a ganyen inabi. Kafin shekara goma ta cika ciwon ya mamaye gonakin inabi na Faransa, har amfanin 1854 ya lalace ƙwarai. Da barbaɗa garin farar wuta aka ceci gonakin, har yau kuwa ba a daina aiki da ita ba. A shagon kayan gona a kan samu irin wadda ta ke haɗuwa da ruwa. Yawanci giram 2 zuwa 3 a ke sa wa lita ɗaya, amma ka bi abin da aka rubuta a jikin ledar. Ga kashedi: farar wuta ta kan ƙone ganye in zafi ya wuce awo 32, ƙasarmu kuwa ta kan wuce haka. Saboda haka sai da la'asar sakaliya za ka fesa, cikin tsananin bazara kuwa ka bar ta. Kada ka haɗa ta da mai, ko na darbejiya, sai an bar bakwai biyu tsakani.

Wanda ba shi da kuɗin shago, ga abu biyu na gida. Ɗaya, madarar shanu. A 1999 wani masani a Brazil, Wagner Bettiol, ya buga gwajin da ya yi a kan wani irin kabewa, ya nuna madara da ruwa su na rage ciwon toka. Ka haɗa awo ɗaya na madara da awo tara na ruwa, ka fesa da safe sau ɗaya ko biyu a bakwai. Madara sabuwar tatsa a ke nufi, ba kindirmo ba, don shi ya kan toshe bakin injin. Na biyu, hodar bekin soda ta masu yin cincin: ƙaramin cokalin shayi ɗaya, da ɗan ɗigon ruwan sabulu, cikin lita ɗaya, watau ruwan leda biyu irin na sha. Kada ka ce kanwa za ta maye gurbinta, ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne, ta kan babbake ganye. Waɗannan biyu su na amfani ne tun ciwo na ƙarami.

Ɗigon ganye da ciwon toho kuwa maganinsu na jan ƙarfe ne. Shi ma daga Faransa ya fito: wani malami mai suna Millardet ya bayyana haɗinsa a 1885, aka sa masa sunan garin Bordeaux. Yanzu a na sayar da danginsa a haɗe cikin leda. Akwai kuma wani mai suna mancozeb. A kan maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, in ruwa mai ƙarfi ya wanke shi sai a sāke.

Kowane iri za ka fesa, gwada shi a gindi uku ka dakata kwana biyu. In ganye bai ƙone ba, ci gaba. Ka karkata bakin injin sama don maganin ya samu bayan ganye, gama can ne maɓoyar ciwo.

5. Tsare lafiyar iyali

Ka tuna ganyen nan cikin yaranka zai shiga. Kada ka sayi maganin da aka ɗura a kwalba ba suna, nemi mai lambar NAFDAC. A jikin kowane an rubuta kwanakin da za a dakata kafin a tsinka: ka cika su, ka gaya wa uwargida ranar da ka fesa. Ramar da a ke tsinka kullum don kwaɗo, gara a tsaya ga tsinke ganye mai ciwo da madara. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu in ya gama. Kada a wanke inji a rafi ko a bakin Tiga, gama magungunan nan guba ne ga kifi. Mazubin da ya ƙare a huda shi a binne, kada ya zama butar yara.

6. Ga dagatai da masu unguwanni

Allah ya ja zamaninku, aiki uku ne a hannunku.

Na ɗaya, ciwon nan bai san iyakar gona ba. In mutum ɗaya ya share tasa, maƙwabcinsa ya bar kara a tsaye, aikin banza aka yi. Ku sa rana ɗaya bayan kaka, unguwa duka ta fito a tattara a ƙone, nesa da danga da rumbuna.

Na biyu, in ciwo ya gagara ganewa, ku aika wa malamin gona na KNARDA, ko a kai reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Bagauda cikin ƙasar Bebeji. A tugo gindi ɗaya har da saiwa, a naɗe cikin takarda, ba cikin leda ba, don kada ya ruɓe a hanya.

Na uku, wata rana za a kawo muku ƙara a ce wane ya shuka wiwi a bayan gida. Gaskiya ne ganyen wata ramar ya yi kama da na wiwi, har sunan da masana tsirrai su ka ba ta, Hibiscus cannabinus, daga wannan kamannin aka samo shi. Amma kama da wane ba wane ba ce. Ganyen rama guda ɗaya ne mai yatsu, yatsun a haɗe su ke daga gindi kamar tafin hannu, na wiwi kuwa kowane ɗan yatsa zaman kansa ya ke, bakinsa kamar zarto. Rama tana da babban fure irin na kuɓewa, fari-fari mai jan ciki, karanta da ƙaiƙayi, ganyenta da tsami. Wiwi ba shi da fure mai kyan gani, yana kuwa da wari mai ƙarfi. Ku je ku gani da idonku kafin a ɓata sunan bawan Allah. In kuwa wiwi ne, ba maganar jinya, dokar 1966 ta hana shuka shi a Nijeriya, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ita ke da wannan aiki, hukuncinsa ɗauri ne mai tsawo.

Ƙarshen magana: iri mai lafiya, sauya wuri, sarari tsakanin shuka, da juya ganye sau biyu a bakwai. Wanda ya riƙe waɗannan huɗu, da wuya ya bukaci shago. Gobe da hantsi, in raɓa ta kaɗe, ka leƙa bayan dangarka ka juya ganye goma. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.