Yadda Ɗan Kasuwar Waya Zai Yi Tafiyar Jirgin Ƙasa a China da Kuɗi Kaɗan

Matashin da ke sayar da wayoyi da caja a Jega, Aliero ko Maiyama yakan fara sarin kaya ne daga Farm Centre a Kano ko Computer Village a Legas. Idan jari ya yi ƙarfi, sai hankalinsa ya koma China. Abin da yawanci ba a lissafa shi ne kasuwannin can ba a gari ɗaya suke ba. Jirgin sama yakan sauke mutum a Guangzhou, babbar kasuwar kayan waya ta Huaqiangbei tana Shenzhen, ta ƙananan kayayyaki kuma tana Yiwu. Kuɗin zirga-zirga tsakanin waɗannan garuruwa daga jari yake fita.

Jihar Kebbi ba ta da layin dogo, don haka da yawa ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Wanda ya taɓa hawa na Abuja zuwa Kaduna, wanda kamfanin CCECC na China ya gina aka buɗe a 2016, ya ɗan san tsarin: tikiti ta waya, da suna da lambar kujera. A China haka abin yake, sai dai layukan jirage masu tsananin gudu kaɗai sun haura kilomita 45,000.

Harafin farko na lambar jirgi

Kowane jirgi yana da harafi kafin lambarsa. G shi ne mafi gudu, yana kai kilomita 300 zuwa 350 a awa ɗaya. D yana biye da shi, C kuma na garuruwa makusanta ne. Masu Z, T da K su ne jiragen da aka saba da su tun da, ba su da gudu sosai, amma sun fi araha kuma suna da gadajen kwana.

Daga tashar Guangzhou South zuwa Shenzhen North kusan minti 30 ne a jirgin G, saboda haka mutum zai iya zuwa ya dawo a yini ɗaya ba tare da ya kama wani otal ba. Yiwu kuwa ta fi nisan Jega zuwa Legas. Jirgin G yana cin awa shida zuwa bakwai, na kwana kuma yana cinye dare har da wani ɓangare na yini. A nan ne ake rage kashe kuɗi: gadon talakawa ya fi kujerar jirgin G araha nesa ba kusa ba, kuma an huta da kuɗin otal na dare ɗaya.

Gadon talakawa shida ne a kowane sashe, uku-uku a jere daga ƙasa zuwa sama, babu ƙofa. Na ƙasa ya fi tsada domin ana iya zama a kai, na can sama ya fi araha. Ɗaki mai tsada gado huɗu ne da ƙofa. Kujerar zama ta fi kowanne sauƙin kuɗi, amma wanda ya kwana a zaune ba zai iya zagaya kasuwa washegari ba.

Sayen tikiti ta waya

Manhajar hukumar jiragen ƙasa ta China ita ce Railway 12306. Tana da Turanci, tana karɓar fasfo na ƙasashen waje, kuma ba ta ƙara komai a kan farashi. Trip.com ta fi sauƙin sarrafawa, amma tana cajin ladan aiki. Ana fara sayar da tikiti kwana 15 kafin tafiya. Dole a rubuta suna da lambar fasfo daidai yadda suke a cikin fasfon, domin fasfon ne tikitin. Shi ake nunawa a ƙofar shiga, ba takarda ba.

Gara a sauke manhajar, a tantance fasfo, a kuma haɗa kati da Alipay ko WeChat Pay tun ana gida. Katin naira yana iya ƙin biya, kuma gano hakan a Jega ya fi gano shi a bakin tasha. WhatsApp, Facebook da Google ba sa aiki a kan layukan China, amma suna aiki a layin waje da ke yawo ko eSIM na matafiya. Wajen taswira, Amap ta fi Google Maps daidai a can.

Kura-kuran da ke cin kuɗi

Na farko, rikita tasha. Guangzhou tana da tashoshi da dama, ciki har da South, East da Baiyun, kuma akwai nisa tsakaninsu. Ana binciken jaka kafin shiga, ana kuma rufe ƙofa 'yan mintuna kafin jirgi ya tashi, don haka isa da awa ɗaya ya fi.

Na biyu, kaya. Kilo 20 aka yarda babban mutum ya shiga da shi, saboda haka katan-katan na sari sai dai a bai wa kamfanin dakon kaya. Fawa-bank kuma kada ya wuce 100Wh, kuma rubutun ƙarfinsa ya fito a jiki. Yana da amfani, domin soket ba shi da yawa a tsofaffin jirage.

Na uku, lokaci. A bikin sabuwar shekarar China a Janairu ko Fabrairu, da makon farko na Oktoba, tikiti kan ƙare da wuri. Idan tafiya ta fasu, mayar da tikiti kyauta ne matuƙar saura kwana takwas ko fiye, amma idan bai kai awa 24 ba za a cire kashi 20 cikin ɗari.

Batun abinci, akwai ruwan zafi kyauta a jirgi. Mai neman halal ya ajiye hoton alamar 清真 a wayarsa, ya sayi guzurinsa tun kafin ya shiga tasha.