Awo da yankan yadi a ɗinkin haɗe-haɗe

Awo da yankan yadi shi ne matakin farko a ɗinkin haɗe-haɗe, wato ɗinkin da ake yanka yadi ƙanana-ƙanana a sake haɗa su su zama shimfiɗa guda, kamar bargo ko zanen gado mai ciko ko rigar filo. Irin wannan bargo yana da hawa uku: fuska, wadda ita ce aka haɗa da ƙyallaye, ciko na auduga ko soso, da shafi a ƙasa. A ƙarshe ana bi ta kansu da ɗinki domin a kama su wuri guda. A birnin Kano masu wannan aiki kan sayi yadi da kayan ɗinki a Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, dukkansu a cikin ƙaramar hukumar Fagge. Aikin ya fi ɗinkin riga buƙatar daidaiton awo, domin bargo ɗaya kan ƙunshi ɗaruruwan ƙyallaye, kuma kuskuren da aka yi a ƙyalle ɗaya yakan maimaitu a dukkansu.

Asalin kalmomi

Kalmomin sana'ar sun fito daga tushe uku. Kamu da taƙi da gaba kalmomin awo ne na Hausa. Almakashi da allura an aro su daga Larabci, har ma harafin "al" na farkonsu ya manne ya zama ɓangaren kalmar. Yadi da inci da tef da tela kuwa daga Turanci suke. A Turanci yadi sunan ma'auni ne kawai, amma a Hausa ma'anarsa ta faɗaɗa ta haɗa da abin da ake aunawa, shi ya sa ake iya cewa "yadi biyar na farin yadi".

Tarihi

Haɗa ƙananan ƙyallaye su zama babban tufa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Masaƙar gargajiya ta maza tana fitar da saƙi siriri mai tsawo, sai a jera shi gefe da gefe a ɗinke kafin a sami faɗin riga ko zane ko bargo. Turkuɗin da ake rinawa a Kura, kudu da Kano, yana daga cikin mafi sirantar irin wannan saƙi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ziyarci Kano a 1851, ya rubuta cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan cinikin birnin.

Ɗinki mai ciko ma yana da tarihi. Lifidi rigar yaƙi ce ta doki da mahayinsa, wadda ake cusa wa auduga tsakanin ƙyalle biyu a bi ta da ɗinki layi-layi domin ta tare kibiya. Littafin Tarihin Kano ya danganta shigowarsa da Sarki Kanajeji (1390–1410), tare da kwalkwali da sulke. Har yanzu ana ganin 'yan lifidi a hawan Sallah na Kano, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024.

Fagge ta faro ne a matsayin masaukin fatake a bayan ganuwa. Sabon Gari kuma an kafa ta wajen 1913, jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa, domin baƙin da suka zo daga kudu da wasu ƙasashe. 'Yan kasuwa Kwarori, wato mutanen Labanan da Siriya, sun buɗe kantunan yadi a yankin. Da yaɗuwar yadin masana'anta da keken ɗinki, awon yadi da inci ya maye gurbin awon hannu, Fagge kuma ta yi suna wajen teloli.

Ma'aunai

- Kamu: daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen ɗan yatsan tsakiya, kusan rabin yadi.
- Taƙi: daga babban yatsa zuwa na tsakiya idan an buɗe hannu.
- Gaba: tsawon hannuwa biyu idan an miƙe su.
- Inci: santimita 2.54.
- Ƙafa: inci 12.
- Yadi: inci 36, ko santimita 91.44, kamar yadda aka tsayar a yarjejeniyar ƙasashen da ke amfani da Turanci a 1959.
- Turmi: yadi shida na atamfa, wanda ake rabawa falle uku.

Kamu da taƙi da gaba sun dogara ne ga jikin mai awo, saboda haka kamun dogon mutum ya fi na gajere. A hukumance Najeriya tana amfani da mita, amma cinikin yadi a kasuwannin Kano da yadi ake yin sa, teloli kuma da inci suke aiki. Tef ɗin tela yawanci inci 60 ne, bayansa kuma santimita 150.

Kayan aiki

Ana buƙatar tebur mai santsi, da tef, da rula mai ƙarfi, da alli ko guntun sabulu na zana layi, da dutsen guga, da almakashi mai kaifi wanda ba a yankan takarda da shi. Tef ɗin roba ko na ƙyalle yakan saki idan ya tsufa, don haka akan gwada shi da rula lokaci-lokaci, kuma tef ɗaya ake amfani da shi daga farkon aiki zuwa ƙarshensa. Idan ƙyallayen girmansu ɗaya, akan yanki kwali ko roba daidai girman a riƙa ɗorawa ana zanawa. Gefen kwali yakan cinye da yawan zane, sai a sake sabo.

A 1979 kamfanin Olfa na ƙasar Japan ya fito da wuƙa mai kama da taya wadda ake gangarawa a gefen rula, a kan wata tabarmar roba. Tana yanka yadi hawa huɗu ko fiye a lokaci guda, kuma ita ce ta zama babban kayan aikin masu haɗe-haɗe a Amurka da Turai.

Shirya yadi

Yadin auduga yakan ja baya a wankin farko, wasu atamfofin kuma suna zuba. Idan aka haɗa yadin da aka taɓa wankewa da sabo, sabon zai tsuke shi kaɗai, bargon ya tattare. Saboda haka akan wanke dukkan yadin, a shanya, a goge kafin a auna. Shadda takan rasa ƙyallinta da taurin da aka yi mata idan ta ji ruwa, don haka mai aiki kan zaɓi ɗaya: ko a wanke duka, ko a bar duka. Wajen guga ana danna dutsen ne a ɗaga, domin jan sa da ƙarfi yana miƙar da yadi.

Kowane yadi saƙaƙƙe yana da zaren tsaye, wanda ke bin tsawonsa, da zaren kwance, wanda ke ratsa faɗinsa. Ta tsaye yadi ba ya miƙewa sosai, ta kwance yana ɗan miƙewa, ta karkace kuwa, daga kusurwa zuwa kusurwa, ya fi saki. Ana son gefen kowane ƙyalle mai kusurwa huɗu ya bi zare. Ana cire bakin yadi, wanda a atamfa yake ɗauke da sunan kamfani, domin saƙarsa ta fi tauri. Gefen da aka yanka a kasuwa kuma sau da yawa a karkace yake. Ana daidaita shi ta hanyar zaro zaren kwance ɗaya a bi gurbinsa da almakashi, ko a ɗan tsaga a yage idan yadin mai saƙa ce ta sauƙi. A wasu atamfofin zanen da aka buga bai hau kan zare daidai ba. A nan akan bi zare idan zanen ƙanana ne, a bi zane idan manyan layuka ne da ido zai kama karkacewarsu.

Rarar ɗinki

Rarar ɗinki ita ce ɗan gefen da ke shiga ciki idan an haɗa ƙyalle biyu. A haɗe-haɗe an saba barin kwatan inci, kimanin milimita 6, a kowane gefe. Ke nan ana ƙara rabin inci a kan girman da ake so ya fito: ƙyallen da zai fito inci 4 ana yanka shi inci 4½ ta kowane ɓangare. Idan za a raba ƙyallen gida biyu daga kusurwa zuwa kusurwa domin a sami masu kusurwa uku, ana ƙara 7/8 na inci. Idan gida huɗu ne, inci 1¼. Domin a tabbatar ƙyalle bai karkace ba, akan auna tsakanin kusurwoyinsa masu fuskantar juna: awo biyun su zo ɗaya. A ƙyalle mai inci 4½ wannan awo kusan inci 6 da 3/8 ne.

Misalin lissafi

A ɗauki katifa mai ƙafa shida tsawo, shida faɗi, wato inci 72 ta kowane ɓangare. Idan ana son bargo ya sauko inci 12 a gefe biyu da wajen ƙafa, faɗinsa zai zama inci 96, tsawonsa inci 84. Da ƙyallaye masu inci 4, za a jera 24 a faɗi, 21 a tsawo, jimilla 504.

Idan faɗin atamfa bayan cire baki inci 44 ne, yadi ɗaya zai ba da tsiri 8 masu faɗin inci 4½, kowane tsiri kuma ƙyalle 9, wato 72. Ƙyalle 504 na buƙatar yadi 7 cif, fiye da turmi ɗaya, ban da abin da zai tafi wajen daidaita gefe. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan yadi a rarar ɗinki yake ƙarewa. Idan kuma yadin da aka saya ya gaza da inci ɗaya tak, tsiri 7 zai bayar maimakon 8, an yi asarar ƙyalle 9. Wannan ne ya sa akan sayi ƙarin rabin yadi, ganin cewa ba kullum ake sake samun irin zanen ba idan an koma kasuwa.

Haka kuskure ke taruwa. Idan kowane ƙyalle ya gaza da 1/8 na inci, jeri mai ƙyalle 24 zai gaza da inci 3. Idan ɗinkin ne ya ci 3/8 maimakon kwata, kowace mahaɗa za ta cinye ƙarin kwatan inci, mahaɗa 23 kuma inci 5¾. Idan wani jeri ya gaza wani bai gaza ba, kusurwoyi ba za su haɗu ba, kuma jan yadi domin a tilasta musu haɗuwa yana sa bargo ya yi tozo.

Yadda ake yanka

1. A ninka yadi baki da baki, a tabbata ninkin ya kwanta ba tare da murɗewa ba.
2. A daidaita gefe ɗaya, daga shi za a fara kowane awo.
3. A yanka dogayen tsiri tukuna, sannan a datsa su ƙyalle-ƙyalle.
4. A buɗe tsirin farko a duba. Idan ya lanƙwashe a wurin ninki, ninkin ne ya karkace.
5. A fere alli ya yi siriri, a riƙa yanka ta gefe ɗaya na layin kullum, domin kaurin layin alli kansa yakan kai 1/8 na inci.
6. Da almakashi, kada a ɗaga yadi daga tebur, kuma kada a tara hawa da yawa, saboda na ƙasa yakan zame.
7. A ɗinka ƙyalle uku ko huɗu na gwaji a auna kafin a yanke sauran yadin.

Ciko da shafi ana yanka su su fi fuska da inci 3 zuwa 4 ta kowane gefe, domin ɗinkin da ke kama hawa ukun yana jan su ciki. Sai an gama ake datse rarar.

Ragowar ƙyallaye

Shagunan teloli suna tara ragowar ƙyallaye masu yawa, musamman gab da Sallah, kuma daga cikinsu ake samun kayan haɗe-haɗe mafi araha. Wahalarsu ita ce ba su da baki da zai nuna inda zare ya dosa, kuma kaurinsu ba ɗaya ba ne. Akan ware su iri-iri, atamfa daban, shadda daban, yadin roba daban, sannan a ja kowane ƙyalle a hankali domin a gane ɓangaren da ba ya miƙewa kafin a ɗora masa kwali.

A wasu ƙasashe

Mabiyan Mahdi a Sudan, a ƙarshen ƙarni na 19, sun yi suna da jibba mai faci kala-kala, haka ma 'yan Baye Fall na Senegal da tufafinsu na haɗe-haɗe. A yankin Bengal akwai kantha, a Sindh ta Pakistan akwai ralli. A Amurka, barguna na matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, sun shiga manyan gidajen adana kayan fasaha. Da yawansu da tsofaffin tufafi aka yi su, an kuma yanka ƙyallayen da ido ba tare da rula ba, abin da ya ba su salonsu na daban.