Abin da Ya Sa Tsofaffin Finafinan Jiragen Yaƙi na Ingila Ba Su Gundurar Mutane

Duk wanda ke zaune tsakanin Sabon Gari da Samaru ya saba da ƙugin jirgin sama. Tun shekarar 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi a nan Zariya, har yau kuwa ƙananan jiragenta suna shawagi bisa gidajenmu. Don haka ba mamaki in an sami da yawa cikinmu, yara da manya, masu sha'awar duk wani fim na jirage. Nufina a nan in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayani kan waɗansu tsofaffin finafinai da Turawan Ingila suka shirya game da Yaƙin Duniya na Biyu, watau wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila, da aka yi daga 1939 zuwa 1945. Galibinsu fari da baƙi ne. A da sai a silima ko talabijin ake ganinsu, yanzu kuwa ga su a wayar hannu, mutane kuma ba su daina nemansu ba. To, mene ne dalili?

Uku ne suka fi shahara. Akwai The Dam Busters na 1955, labarin harin da aka kai kan madatsun ruwan Jamus. Akwai Reach for the Sky na 1956, tarihin wani matuƙi mai suna Douglas Bader. Sa'an nan akwai Battle of Britain na 1969, wanda shi mai launi ne, yana nuna yadda jiragen Ingila suka kare ƙasarsu daga farmakin Jamus a 1940.

Dalili na farko shi ne jiragen da ke ciki na gaske ne. A zamanin babu kwamfutar da za ta zana jirgi ta sa shi tashi. Da za a shirya Battle of Britain sai da aka tara jirage wajen 100, har aka je ƙasar Sifen aka samo masu kama da na Jamusawa. A cikin The Dam Busters kuma matuƙan soja ne suka tuƙa manyan jiragen nan da ake kira Lancaster ƙasa ƙasa a kan ruwa. Wanda ya saba jin injin jirgi kamar mu, da ya ji ya san wannan ba ƙarya ba ce.

Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci gare mu 'yan makaranta, shi ne finafinan suna girmama ilimi da haƙuri. Kusan rabin The Dam Busters ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Ana dai nuna wani injiniya, Barnes Wallis, yana ta gwaji, yana kasawa, yana sakewa. Matsalarsa ita ce Jamusawa sun shimfiɗa raga cikin ruwa don tare duk bam ɗin da zai nufi bangon madatsa. Sai ya yi tunanin bam mai tsalle. Wanda ya taɓa jefa faffaɗan dutse a Kubanni ya ga yana tsalle bisa ruwa kafin ya nutse, ya riga ya gane dabarar. An ƙera bam ɗin kamar ganga, ana juya shi ta baya kafin a sake shi, sai ya yi ta tsalle ya haye ragar, ya bugi bango, ya nutse, sa'an nan ya fashe. Amma tilas jirgin ya sauko har ƙafa 60 kacal daga ruwa, da dare kuwa. Don auna wannan sai aka ɗaura fitilu biyu a cikin jirgi, in haskensu ya haɗu bisa ruwa, to, tsawon ya yi daidai. Lissafi da kimiyyar da muke ƙorafi a kansu a aji, ga aikinsu nan a fili.

Dalili na uku shi ne ƙarfin zuciya. Douglas Bader ya yi haɗarin jirgi a 1931, aka yanke masa ƙafafu duka biyu. Ya koyi tafiya da ƙafafun ƙarfe, ya yi ta naci har aka mayar da shi tuƙi da yaƙi ya ɓarke. A 1941 jirginsa ya faɗi a Faransa, Jamusawa suka kama shi, ya yi ta ƙoƙarin gudu. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Irin wannan labari ba ruwansa da launin fata, kowa ya gani zai ɗauki darasi.

Na huɗu, finafinan ba su mai da yaƙi wasa ba. A daren 16 ga Mayu, 1943, jirage 19 suka tashi da mutum 133. An fasa madatsu biyu, amma jirage 8 ba su komo ba, mutum 53 suka halaka. The Dam Busters ya ƙare ne da gadaje babu masu su, da shugaban rundunar, Guy Gibson, zai tafi rubuta wa iyalan mamata wasiƙu. Ba ihu, ba kirari.

Sai dai fa, 'yan'uwa, kowane allazi da nasa amanu. Wajibi ne mu kalli finafinan nan da ido biyu, domin wanda ya ba da labari shi ke zaɓen abin da zai faɗa. Ambaliyar da ta biyo bayan fasa madatsun ta kashe mutum fiye da 1,000, da yawansu fursunoni ne da aka tilasta wa aiki a Jamus, amma fim bai nuna su ba. Har wa yau, sunan da Gibson ya sa wa baƙin karensa kalma ce ta zagin baƙar fata, ana ta maimaita ta cikin fim ɗin. Sai a 2020 sojan saman Ingila suka cire sunan daga kabarin karen.

Babban abin da aka bari kuwa shi ne rabonmu. Tun 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano. Da yaƙi ya yi tsanani, hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari, sai aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar da yanzu ake kira Gana. A can ake harhaɗa su, su tashi su bi ta Ikko, Kano, Maiduguri, su ratsa Cadi da Sudan har Alƙahira. Daga 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Mutanen Nijeriya kuma sun tara kuɗin taimakon yaƙi, har wata rundunar jiragen Spitfire mai lamba 91 ta ɗauki sunan Nijeriya. Ga kuma dubban samarin Arewa da suka yi yaƙi a dazuzzukan ƙasar Bama ta Asiya cikin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma. Cikin finafinai ukun nan ba wanda ya ambaci ko ɗaya daga waɗannan.

Ni dai ban ga laifin Turawa ba don sun yabi nasu. In ba ka yi wa kanka kirari ba, wa zai yi maka? Abin tsoro shi ne tsofaffin da suka ga wancan zamani sun kusa ƙarewa. Shawarata ga iyaye ita ce, in sun ga yaro na kallon waɗannan finafinai, su zauna tare da shi su gaya masa abin da suka ji daga kakanni. Mu kuma ɗalibai mu tambaya, mu rubuta, mu ajiye. Wataƙila cikinmu akwai wanda zai zama matuƙi ko injiniya, akwai kuma wanda wata rana zai shirya fim da Hausa kan jiragen da suka sauka Kano. Allah Ya sa mu ga wannan rana, amin.